Babi na Biyar: Taken Wa Ake Kaɗawa?

A farkon Afrilun 1968 Alex North ya shiga wata silima a birnin New York don ya kalli sabon fim ɗin da ya yi wa kiɗa. Ba ɗan koyo ba ne a sana'ar. Shi ya tsara kiɗan Spartacus a 1960, kuma daraktan wancan fim, Stanley Kubrick, shi ne ya sake kiransa zuwa Landan domin wannan aiki, 2001: A Space Odyssey. Cikin 'yan makonni North ya rubuta kiɗa na kusan minti 40, aka tara makaɗa aka naɗe shi. Ranar kallo aka kashe fitilu, fim ya fara, ya yi nisa, ya ƙare. Har aka tashi North bai ji ko ƙyas na aikinsa ba. Kubrick ya jingine shi gefe ba tare da ya gaya masa ba, ya cika fim ɗin da faifan kiɗe-kiɗen da wasu suka riga suka tsara, waɗansunsu ma masu su sun daɗe a ƙasa.

Ta fuskar mu'amala dai Kubrick bai kyauta ba. Kuma ba za a ce aikin North ne ya gaza ba. A 1993, shekara biyu bayan rasuwarsa, abokinsa Jerry Goldsmith ya jagoranci makaɗa suka naɗi kiɗan aka fitar da shi kasuwa, duk mai kunne zai iya ji: aiki ne na gwani. To me Kubrick yake nema da gwani bai ba shi ba?

Muna da kalmar da za ta buɗe mana ƙofar wannan magana, ita ce take. Sarki yana da takensa a tambari da kakaki, mahauta suna da nasu a kalangu, ɗan dambe kuwa da zarar an kaɗa nasa sai ka ga tsuma ta kama shi tun kafin a ambaci sunansa. Ganga ba ta buɗe baki ba, amma kowa a dandali ya san da wa take. Turawa ma suna da irin wannan. Richard Wagner ya gina manyan wasannin waƙarsa a kan gajerun sautuka da ke wakiltar mutum, ko takobi, ko la'ana, sannan Max Steiner, mutumin Biyana da ya ƙaura Amurka, ya shigar da dabarar cikin fim, musamman a King Kong na 1933. Daga nan ta zama hanya. Sauti biyu kacal John Williams ya maimaita a Jaws na 1975, amma da an ji su an san kifin nan mai cin mutane ya kusa, ko ba a gan shi ba.

Yawancin kiɗan fim aikinsa ke nan, aikin maroƙi. Yana bin jarumi a baya, yana kambama shi idan ya yi nasara, yana yi masa jaje idan ya faɗi, yana taɓa kafaɗar mai kallo yana ce masa ga wurin kuka, ga wurin firgita. A finafinanmu na gida ma haka abin yake, har ya so ya yi yawa: kafin hawayen baiwar Allah ya sauko kumatu, fiyano ta riga ta fara kuka a madadinta. Ban ce laifi ne ba. Sai dai kiɗan da yake maimaita abin da ido ya riga ya gani bai ƙara wa mai kallo komai ba face tabbacin cewa bai yi kuskuren fahimta ba.

Akwai wani kiɗan kuma da ba taken kowa a cikin fim yake kaɗawa ba. Taken duniyar da mutanen suke ciki yake kaɗawa: ko ta damu da su, ko ba ta san ma suna yi ba, ko tana tafiya da su wani wuri. Nan ne falsafa take shigowa ta kunne, ba tare da an ɗaga littafi ba.

Abin da Kubrick ya buɗe fim ɗinsa da shi mabuɗin wani dogon kiɗa ne da Bajamushe Richard Strauss ya tsara a 1896, mai suna Also sprach Zarathustra. Sunan ma aro ne daga littafin masanin falsafa Friedrich Nietzsche, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1883 da 1885. Gundarin littafin, gwargwadon abin da ya shafe mu a nan, shi ne cewa ɗan Adam ba ƙarshen tafiya ba ne, zango ne kawai. Akwai abin da ya bari a baya, akwai kuma wani da ya fi shi da zai zo. Ba sai ka yarda da Nietzsche ba kafin ka ji yadda aka mai da wannan ra'ayi sauti, kamar yadda ba sai kana ɗan dambe ba kafin take ya motsa ka.

Ga yadda aka gina shi. Da farko wani gurnani ne a can ƙasa, daga ogan, babbar na'urar busa mai bututu da ake ajiyewa a coci, tare da manyan kayan goge masu kaurin murya. Ƙasa-ƙasa yake har kusan a ƙirji ake jinsa, ba a kunne ba. Sai ƙahoni su ɗago da sauti uku, kowane yana taka na bayansa yana hawa. Ba sautuka ne da aka zaɓa da ka ba. Duk wani dogon ƙaho marar ramuka, irin kakaki, idan aka ƙara masa ƙarfin iska irin wannan tsallen yake yi da kansa, domin haka iska take rawa a cikin bututu. Shi ya sa masana suke kiran wannan jimla taken halitta. Da ta kai ƙololuwa sai duk makaɗan su faɗo mata lokaci guda, da farko da haɗin sauti mai haske, nan take ya rikiɗe ya yi duhu, ganguna su yi ta dukan ƙasa. A karo na biyu sai a juya: duhu ya fara, haske ya biyo. A na uku ne kawai ƙofa take buɗewa gaba ɗaya. Duka-duka bai cika minti biyu ba.

Sau uku Kubrick ya sa shi. Na farko a buɗewar fim, Wata da Duniya da Rana suna jere, Rana tana ɓullowa. Na ƙarshe a rufewa, inda ɗan sama jannati ya tsufa ya mutu ya koma wani jariri mai haske yana kallon Duniya daga sama. Waɗannan biyun babu wuya, Nietzsche ne a fili. Na tsakiyar shi ne mai ƙaya. A labarin fim ɗin, wata halitta mai kama da biri tana tsugune a gaban ƙasusuwan mushe. Sai ta ɗauki ƙashi ɗaya, ta juya shi, ta ɗan buga, ta ƙara bugawa, har ta gane cewa hannu mai riƙe da ƙashi ya fi hannu tsirara. A daidai nan ƙahonin suka tashi. Kiɗan naɗin sarauta ne, amma abin da ake naɗawa makami ne, domin ba da jimawa ba da ƙashin nan aka fasa kan jagoran wani garken a bakin tafki. Da maroƙi ne yake kiɗan, da ya nuna mana cewa abin tsoro ya faru. Wannan kiɗan bai ga abin tsoro ba. Daga nesa yake kallo, daga inda kisan farko da wayewar farko suke zama abu guda, mataki ɗaya a matakala. Mai kallo ne aka bari da tsikar jikinsa tana tashi, bai san ko ta murna ce ko ta fargaba ba.

Wani abin da ban cika jin ana faɗa ba shi ne, Kubrick mabuɗin kawai ya ɗauka. Cikakken kiɗan Strauss ya haura rabin awa, kuma ba da nasara ya ƙare ba. A ƙarshensa sarewa da gogen sama suna riƙe da wani haɗin sauti, manyan gogen ƙasa suna tsinkar wani dabam da ke maƙwabtaka da shi, biyun ba su jitu ba har sauti ya ɗauke. Strauss tambaya ya bari. Kubrick ya yanke tambayar, sannan ya je ya nemo ta a wani wuri.

A wajen György Ligeti ya samo ta, ɗan Hangari da ya tsere daga ƙasarsa a 1956, wanda shi ma ba a nemi izininsa ba sai labari ya ji. Kusan duk lokacin da wani baƙin allon dutse ya bayyana a fim ɗin, wanda ba a taɓa gaya mana waye ya kafa shi ba, muryoyin Ligeti ne suke tashi. Dabararsa ita ce ya raba mawaƙa layi-layi masu yawa, kowane yana bin kusan hanya ɗaya amma da saurinsa dabam, har kunne ya kasa kama ko ɗaya. A Lux Aeterna, wanda ake ji lokacin tafiya a saman Wata, muryoyi 16 ne kowace da layinta. Babu amshi, babu bugun da za ka bi da ƙafa, babu abin da za ka fita kana rerawa. Kamar ka tsaya kusa da amya, ƙudan zuma dubu suna kuka, ba ka iya ware na ɗaya. Muryoyin mutane ne, amma an cire mutum daga cikinsu. Idan Strauss yana cewa tafiya tana da alƙibla, Ligeti cewa yake hankalinka bai kai ya karanta taswirar ba.

Tsakanin waɗannan biyun sai ga raha. Birin ya wurga ƙashinsa sama, ƙashi yana juyi, hoto ya yanke, sai ga kumbo yana shawagi. Shekaru miliyoyi sun wuce cikin ƙiftawar ido. Abin da ya raka kumbon shi ne The Blue Danube na Johann Strauss ƙarami, wanda ba dangin Richard ba ne, kiɗan rawar manyan ɗakunan Biyana na shekarun 1860 inda namiji da mace suke riƙe juna suna zagayawa. Tashar sama tana juyi, kumbo yana daidaita juyinsa da nata kamar mai neman abokiyar rawa. Fasinjan da ke ciki kuwa barci yake sha, alƙalaminsa yana yawo a iska. Jikan mai ƙashi ya kai sama, kuma abin ya riga ya gundure shi. Daga baya, sa'ad da HAL, kwamfutar da ke sarrafa wani kumbo, ta kashe wani ɗan sama jannati a wajen kumbon, babu kiɗa ko kaɗan. Numfashin da muke ji a cikin kwalkwalinsa ne kawai ya tsaya.

A nan ya kamata in ja wa kaina birki. Shin falsafar a cikin sautin take, ko mu ne muke ɗora masa? Mabuɗin nan na Strauss, bayan fim ya yi suna, Elvis Presley ya mai da shi kiɗan shigowarsa dandali a shekarun 1970, ɗan kokawar Amurka Ric Flair ya yi shekaru yana fitowa da shi, a 2023 fim ɗin Barbie ya yi wasa da shi, 'yan mata suna farfasa 'yan tsana a madadin ƙasusuwa. Sautin bai canja ba, amma Nietzsche ya fice ta taga. Ashe sauti shi kaɗai ba ya kafa hujja. Abin da yake iyawa shi ne ya tsayar da kai a wani wuri, nesa ko kusa, sama ko ƙasa, sannan hoto ya nuna maka abin da za ka kalla daga can. A tazarar da ke tsakanin abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji ra'ayin yake zama. Haka take ma yake: a kaɗa na sarki a gidan biki don barkwanci, dariya za a yi, ba faɗuwa gaisuwa ba.

Shekara 13 kafin Kubrick, a ƙauyen Bengal, an tsayar da mai kallo a wani wurin dabam. Duk sabonmu da finafinan Indiya, Pather Panchali na Satyajit Ray, wanda ya fito a 1955, ba irin waɗanda muka saba ba ne. Da harshen Bengali aka yi shi, babu rawa, babu jarumi mai dukan mutum goma. Labarin gidan wani matalaucin malamin addinin Hindu ne, Harihar, da matarsa Sarbajaya, da 'yarsu Durga da ƙaninta Apu. Kuɗi sun yanke wa Ray a tsakiyar aiki har sai da gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta agaza. Ravi Shankar, gwanin sitar, ya ga wani ɓangare na fim ɗin ne kawai, ya zauna da makaɗansa suka naɗi kiɗan a zama ɗaya na kimanin awa 11.

Kiɗan gargajiyar arewacin Indiya a kan raga yake tafiya, wato tsarin sautuka da kowane yake da halinsa, da yawa kuma suna da lokacinsu: wannan na asuba ne, wancan na dare, wani na damina. Shankar ya kaɗa Desh, wanda aka saba dangantawa da ruwan sama, kuma akwai inda Ray ya bar mutane gaba ɗaya ya koma kallon ƙwarin da ke tsalle a fuskar kududdufi da ganyen bado yana kaɗawa, sitar tana tafe da su. Wannan kiɗa ba labari yake bi ba, kalandar ƙasa yake bi. Yana cewa gidan Harihar ɗaya ne daga cikin abubuwan da damina take zubowa a kansu, tare da ƙwaro da bado. Ruwan nan da Durga ta yi rawa a cikinsa da murna shi ne ya sa mata zazzaɓin da ya tafi da ita.

Harihar yana can neman kuɗi, bai sani ba. Ya dawo bayan watanni, ya tarar da gida ya rurrushe, ya kwance ƙunshinsa yana fito da tsaraba ɗaya bayan ɗaya, har ya miƙo zanen da ya sayo wa Durga. Sarbajaya ta riƙe zanen, fuskarta ta narke, ta buɗe baki. Ba mu ji kukanta ba. A madadinsa wani abin goge ne ya tsala ƙara, tar shehnai, wanda ake ja da baka kamar kukuma amma muryarsa siririya ce mai huda kunne. Kubrick ya ja mu nesa har mutum ya zama ɗigo. Ray ya matso da mu kusa har murya ta gaza. Da mun ji kukan mace ɗaya ne, da mun tausaya wa Sarbajaya mu wuce. Da aka ɗauke muryar aka sa tsirkiya, kukan ya daina zama nata ita kaɗai. Masanan wasan kwaikwayo na tsohuwar Indiya suna da suna ga wannan, rasa, wato ɗanɗano: baƙin cikin mutum guda da aka tace har ya zama abin da kowa a wurin kallo zai iya ɗanɗanawa. Karo na farko da na ga wurin nan sai da na mayar da shi baya, ina zaton sautin na'urata ne ya lalace.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai Bajafane ne, Yasujiro Ozu, domin shi ya ƙi duka hanyoyin biyu. Finafinansa kusan labari ɗaya suke maimaitawa: iyaye suna tsufa, 'ya ta yi aure, gida ya watse a hankali ba tare da wani mugu ba. Kyamararsa a ƙasa take, daidai idon wanda ya zauna a tabarma, kuma da wuya ta motsa. Takanobu Saito, wanda ya yi masa kiɗa tun daga Tokyo Story na 1953, ya ba da labarin cewa Ozu ba ya son kiɗan da zai taya 'yan wasa nuna damuwa. Hujjarsa ita ce, komai baƙin cikin da mutum yake ciki, a waje rana tana nan tana haskawa, shi kuma kiɗa irin na ranar da gari ya yi kyau yake so. A Tokyo Twilight na 1957, fim ɗinsa mafi duhu, inda budurwa ta zubar da ciki kuma jirgin ƙasa ya zama ajalinta, wani ɗan kiɗa mai tsalle-tsalle ne yake ta dawowa, irin wanda zai dace da filin wasan yara.

Da farko abin yana kama da rashin imani. Mai nazarin sautin fim, Bafaranshe Michel Chion, ya ware irin wannan kiɗa a matsayin wanda bai damu da abin da ke faruwa ba, ya kuma lura cewa rashin damuwar tasa ƙara zafin abin yake yi. Gaskiya ne, amma a wajen Ozu ina ganin akwai ƙari. Duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa ya san wannan sa'a: kana zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, sai mai tallan ƙosai ta wuce tana kira, yara suna buga ƙwallo a lungu, rediyon maƙwabci yana ta abinsa. Ranar farko haushi suke ba ka. Zuwa sadakar uku, su ne suke riƙe ka. Jafanawa suna da tsohuwar jimla, mono no aware, da suke nufin wani laushin zuciya da ke zuwa idan ka gane cewa komai mai wucewa ne, kuma wucewar tasa ce ta sa ya yi kyau. Ozu ya rasu ranar 12 ga Disamba 1963, ranar da ya cika shekara 60 cif. A kan kabarinsa a haikalin Engaku-ji da ke Kamakura ba a sassaƙa komai a fuskar dutsen ba sai harafi ɗaya, mu, ma'ana babu.

A Tokyo Story kiɗa ba ya cika shiga tsakanin masu magana. Yakan jira sai an gama, hoto ya koma kan hayaƙin masana'anta, ko shanya a igiya, ko layin dogo, sannan ya shigo. Tsoho Shukichi da matarsa Tomi sun taso daga Onomichi, garin bakin teku, sun je Tokyo ganin 'ya'yansu. Ɗansu likita ne, 'yar tana da shagon gyaran gashi, kowa yana da uzuri, har aka tura su wurin shaƙatawa a Atami don a sami sarari. Noriko, matar ɗansu da bai dawo daga yaƙi ba, ita kaɗai ta ba su lokacinta. Sun koma gida, Tomi ta kwanta, ta cika. Da asubahin ranar aka nemi tsohon aka rasa, sai Noriko ta same shi a waje yana kallon gari, zancen kyawun fitowar rana yake da zafin da za a yi. 'Ya'ya suka yi jana'iza suka kama jirgi. A ƙarshe yana zaune shi kaɗai a tabarma da mafici a hannu, maƙwabciya ta leƙo ta taga suka gaisa ta wuce. Daga mashigin ruwa ana jin injin wani ƙaramin jirgi yana tafiya, fat, fat, fat, sannan gogen Saito ya shigo a hankali ya bi bayansa.